Sanya Ledar Duhu a Gilashin Tsofaffin Motoci: Yadda Ake Aikin da Yadda Ake Lissafin Kuɗinsa

Masu riƙe da tsofaffin motoci irin su Peugeot 504, Mercedes-Benz W123 da Volkswagen Beetle suna fama da matsala iri ɗaya, wato rana. Da yawa daga cikin waɗannan motoci ba su zo da na'urar sanyaya ba, kuma gilasansu faɗi gare su, ga haske tangaran. Rana na shiga ta gasa direba, ta busar da dashbod har ya tsattsage, ta koɗar da kujeru. Dashbod na asali kuwa idan ya tsage, samun madadinsa aiki ne.

Maganin da ya fi zuwa wa mutane a rai shi ne a manna wa gilashin leda, abin da masu gyara ke kira tint. Sai dai da yawa kan yi mamaki idan suka kai tsohuwar mota wurin ƙwararre, ya faɗa masu kuɗin da ya ninka na sabuwar mota, ko ma ya ce ba zai taɓa ta ba. A wannan maƙala za mu duba dalilin hakan: mece ce ledar, wace iri ce ta dace, yaya ake manna ta, kuma ina kuɗin ke tafiya.

Wace mota ake nufi da tsohuwa?

Ba kowace akwalar mota ake nufi ba. Ana nufin motar da ta daɗe har ta zama abin adanawa. Ƙungiyar FIVA, wadda ke haɗa masu tsofaffin motoci na duniya, ta ɗauki shekara 30 a matsayin ma'auni. Jamus ma shekara 30 take dubawa kafin ta ba mota lamba mai harafin H, Ingila kuma shekara 40 kafin ta yafe mata harajin hanya.

Idan aka bi wannan ma'auni, motoci da dama da aka sani a ƙasar Hausa sun shiga sahu. Peugeot 504 ta fito a 1968, kuma kamfanin PAN na Kaduna da ya fara aiki a 1975 ya daɗe yana harhaɗa ta. W123 an ƙera ta daga 1976 zuwa 1986. Beetle kuwa, wadda ake ce wa Bosuwaja, ita ma an harhaɗa ta a Legas tun daga 1975.

Mece ce ledar, kuma iri nawa ce?

Ledar gilashi siririn shafi ne na foliyesta mai hawa-hawa. A gefen da ke fuskantar cikin mota akwai shafe mai tauri da ke rage karcewa. A tsakiya akwai abin da ke tare haske da zafi. A ɗaya gefen kuma akwai gam, wanda aka rufe da wata farar leda da ake ɓarewa a lokacin aiki. Kamfanin 3M ne ya samu haƙƙin mallakar fasahar ledar tare rana a 1966. A yau sunayen da suka yi fice sun haɗa da 3M, LLumar, SunTek, Solar Gard da XPEL.

Abin da ke tsakiyar ledar shi ke raba ta gida huɗu:

1. Mai rini. Ita ce mafi araha. Duhu take bayarwa, amma ba ta tare zafi sosai. Mai arhar cikinta ita ce wadda ake gani ta koma ruwan shanshanbale ta yi ƙuraje bayan 'yan shekaru, domin rana ta cinye rinin, gam ɗin kuma ya mutu.

2. Mai ƙarfe. An shafa mata siririn ƙarfe da ke mayar da zafi waje. Tana aiki, amma tana ƙyalli kamar madubi, kuma tana iya raunana sabis ɗin waya da na GPS a cikin mota.

3. Mai kabon. Launinta baƙi ne marar ƙyalli, ba ta saurin koɗewa, ba ta kuma taɓa sabis.

4. Mai siramik. Ita ce mafi tsada. Ƙananan ƙwayoyin da ke cikinta suna tare zafi ko da ledar ba ta da duhu. Akwai kuma wata dabarar mai kama da ita a aiki, irin ta 3M Crystalline, inda ake jera siraran shafuka kusan 200 a cikin leda ɗaya ba tare da ƙarfe ba.

Lambobin da ke jikin kwali

Lamba ta farko ita ce VLT, wato kason hasken da ido ke gani wanda ke iya ratsa ledar. Leda mai lamba 5 baƙa ce wuluk, kashi 5 cikin 100 na haske kaɗai take bari ya wuce. Mai lamba 35 tsaka-tsaki ce. Mai lamba 70 kuwa da ƙyar za ka gane an sa wani abu.

Abin lura a nan shi ne gilashin kansa yana rage haske tun kafin a sa masa komai, kuma lambobin biyu ninka juna suke yi. A ce gilashinka na barin kashi 75 ya wuce, ka manna masa leda mai lamba 70, abin da zai rage kusan kashi 52 ne. Wannan ya shafi tsofaffin motoci kai tsaye, domin wasunsu sun zo daga masana'anta da gilashi mai ɗan koren launi, irin wanda General Motors ke kira Soft-Ray a Amurka, ko Sundym na kamfanin Triplex a Ingila.

Lamba ta biyu ita ce TSER, wato jimillar zafin rana da ledar ke hanawa shiga. Ita ce ta fi amfani wajen kwatanta leda biyu. Masu talla sun fi son ambaton kason hasken infirared da ledar ke tarewa, domin lambar ta fi girma, amma infirared kusan rabin ƙarfin hasken rana ne kawai. Mafi yawan sauran yana zuwa ne ta hasken da ido ke gani.

Ta uku ita ce UV, hasken da ke lalata fata, ya koɗar da yadi, ya busar da roba. Ledoji masu inganci suna tare kusan kashi 99 nasa, ko masu duhu ne ko masu haske. Ke nan duhu daban, kariya daban.

Me ya sa duhu mai yawa bai dace da tsohuwar mota ba?

Dalili na farko shi ne lafiyar tuƙi. Fitilun motocin da ba su kai na yanzu haske ba, madubansu ƙanana ne, wasu ma madubin gefe ɗaya gare su, kuma babu kyamarar baya. Direban irin wannan mota da idonsa ya dogara. Idan aka rufe masa gilasai da leda mai lamba 15 ko 20, ja da baya da dare ko hango mai babur a mararraba sai ya zama caca.

Na biyu shi ne kamanni. Kyan waɗannan motoci na cikin siraran ginshiƙansu da faɗin gilasansu. Baƙar leda na canza siffar motar gaba ɗaya, kuma masu sayen tsofaffin motoci sun fi daraja wadda ta kasance yadda ta fito. Shi ya sa ledar siramik mai lamba 70 ko 50 ta fi dacewa: tana rage zafi, tana tare UV, motar kuma tana nan da fuskarta.

Abubuwan da ke sa aikin ya yi wuya

Gilashin kansa. Gilashin da ya yi shekara 40 yana hawa da sauka a cikin ƙofa ba ya rasa zane da tabon ruwa. Leda ba ta ɓoye waɗannan, sau da yawa ma ƙara fito da su take yi. Dole a wanke, a goge, wani lokaci har a sa maganin goge gilashi kafin a fara.

Irin gilashin. Gilashin mota iri biyu ne. Akwai wanda aka ƙarfafa da wuta, mai wargajewa kamar tsakuwa idan ya fashe. Akwai kuma mai falle biyu da aka haɗe da roba a tsakani, wanda ke tsagewa amma ya tsaya a wurinsa. Motocin yanzu na amfani da mai falle biyu a gaba, mai ƙarfi kuma galibi a gefe da baya. Amma motocin Amurka da yawa na kafin shekarun 1960 suna da mai falle biyu har a ƙofofi. Idan irin wannan ya tsufa, gefensa kan yi fari-fari kamar hazo, alamar fallayen sun soma rabuwa. Hura masa zafi na iya ƙara ɓarnar ko ya tsaga shi.

Robar gefe. A sabuwar mota, da gam ake manne gilashin gaba da na baya, kuma akwai baƙin zane a kewayensa inda bakin leda ke ɓuya. A tsohuwar mota, roba mai kauri ce ke riƙe da gilashin, babu wannan zanen. Ko dai a cusa bakin ledar ƙarƙashin robar, ko a bar siririn layin haske a gefe. Ƙarƙashin robar kuwa ƙurar shekaru ce jibge, da an fesa ruwa sai ta gangaro ta shige ƙarƙashin leda. Robar da ta bushe kuma tana iya gutsurewa da an taɓa ta.

Hanyar gilashin ƙofa. Cikin hanyar da gilashi ke bi akwai wani yadi mai gashi-gashi. Idan ya tsufa yana zubar da zare, kowane zare kuma da ya maƙale a gam zai zauna nan har abada. Idan ya cinye har ƙarfensa ya fito, zai karce sabuwar ledar a ranar farko da aka sauke gilashi.

Siffa. Gilashi miƙaƙƙe, irin na gefen Beetle ko na tsohuwar Land Rover, bai da wahala. Wanda ya lanƙwasa ta fuska biyu kamar ƙwarya shi ne mai cin lokaci. Motocin Amurka na ƙarshen shekarun 1950 sun yi suna wajen gilasai masu zagayowa har gefe. Sannan akwai ƙananan gilasai masu kusurwa uku da ake turawa don shan iska, irin na ƙofar Beetle, masu ɗan makulli a jiki da sai an yanka leda a kewaye shi.

Rashin zane a kwamfuta. Manyan shaguna yanzu da na'ura suke yanka leda. Ana zaɓar sunan mota da shekararta a manhaja, na'ura ta fitar da yanka daidai. Tsofaffin motoci da yawa ba sa cikin wannan rumbun, don haka sai an koma yankan hannu.

Cikin motar. Aikin leda da ruwa ake yin sa. Bangon ƙofofin motocin da, da kantar da ke bayan kujerun baya, galibi da katakon kwali aka yi su. Da sun sha ruwa sai su kumbura su karkace.

Yadda ake aikin, mataki-mataki

1. Dubawa. Mai aiki da mai mota su zagaya tare, su ɗauki hoton kowane gilashi, a nuna duk zane da tsagewa da ke akwai tun kafin a fara. Wannan na kashe rigima daga baya.

2. Cire tsohuwar leda. Hanya mafi aminci ita ce na'urar tururi, wadda ke tausasa gam a ɓare ledar a hankali. Idan gilashin baya na da siraran layukan nan masu ɗumama shi, kada reza ta kusance su. Layi ɗaya ya yanke, ya daina aiki.

3. Kare cikin mota. A cire bangon ƙofa idan zai yiwu, a shimfiɗa tawul a kan kantar baya, a rufe yadin hanyar gilashi da salatif.

4. Wanki. Ana amfani da ruwa mai tsabta da aka ɗiga wa 'yan ɗigo na sabulun wankan jarirai. Ruwan rijiya mai gishiri-gishiri na barin tabo, gara tacaccen ruwa. A wanke ciki da waje, a bi ƙarƙashin roba har sai ruwan ya fito fes.

5. Awo da yanka. Ana shimfiɗa ledar a wajen gilashi a yanka. Rezar da ta dace ita ce ta ƙarfen da ba ya tsatsa, domin ta fi sauƙi a kan gilashi, kuma a riƙa karya bakinta akai-akai. A kan gilashin da ba a samun irinsa, ya fi kyau a zana siffar da alƙalami, a je a yanka a kan tebur.

6. Lanƙwasawa da zafi. Idan aka ɗora miƙaƙƙiyar leda a kan gilashi mai ƙwarya, sai ta yi tattara masu kama da yatsu. Ana bin su da na'urar hura iska mai zafi har su kwanta. Ledar ta fuska ɗaya kawai take tsukewa, don haka ana shimfiɗa ta yadda yatsun za su taso a sama da ƙasa, ba a gefe ba. Idan lanƙwasar ta yi yawa, ana raba ledar gida biyu ko uku, a haɗa bakinsu a kan layin ɗumama gilashi inda ido ba zai kama ba.

7. Mannawa. Ana ɓare farar ledar baya, a jiƙa gam da ruwan sabulu, a ɗora a cikin gilashi. Ruwan na ba da damar zamar da ita har ta zauna daidai. Sai a bi da robar matsewa daga tsakiya zuwa gefe a fitar da ruwa da iska.

8. Bushewa. Kada a sauke gilashi na kwana uku zuwa biyar. Ɗan hazo ko ƙananan ƙurajen ruwa na ɓacewa da kansu, wani lokaci sai an kai wata guda. Amma ƙurar da ta maƙale ba ta tafiya ko'ina.

Wurin aiki ma na da muhimmanci. Leda mai jiƙaƙƙen gam maganaɗisun ƙura ce. Aikin da aka yi a bakin titi, musamman a lokacin hunturu, da wuya ya fito tsaf. Ɗaki rufaffe ake so, a yayyafa ruwa a ƙasa, a kashe fanka.

Lokaci mafi kyau na sa leda shi ne sa'ad da ake sabunta motar, an cire gilasai don fenti. A kan tebur ana manna ta har bakin gilashi, sabuwar roba ta rufe gefen, babu ruwan da zai taɓa cikin mota.

Sannan akwai wurin da leda ba ta zama sam: tagar baya ta roba ta motoci masu buɗaɗɗen rufi, da tagogin filastik. Ledar gilashi kan yi ƙuraje a kansu, kuma cire ta na ɓata su.

Ina kuɗin ke tafiya?

A Amurka, inda sana'ar ta bunƙasa, leda mai rini a kan salun ta zamani galibi kan kama daga dala 150 zuwa 300, siramik kuma daga dala 400 zuwa 800. Wannan farashin motar da na'ura ke da zanenta ne, wadda ake gamawa cikin awa biyu ko uku. Tsohuwar mota ba ta shiga wannan jadawali, sai an gan ta da ido.

Ga misali da lambobin da muka ɗauka don saukaka lissafi kawai. Naɗin leda mai faɗin inci 40 da tsawon ƙafa 100 ya kai kusan mita 30. A ce salun ɗaya na cin mita 4, naɗin zai yi mota 7. A ce kuma an sayi naɗin naira 280,000, kowace mota ta ci ledar naira 40,000. Idan mai shago na ƙiyasta awa ɗaya ta aikinsa a naira 10,000, sabuwar mota mai cin awa 3 za ta tsaya a naira 70,000.

Yanzu ga tsohuwa. Yankan hannu da sake gwaji sun sa ta ci leda ɗaya da rabi, naira 60,000 ke nan. Cire tsohuwar leda, kwance bangon ƙofofi, wanki da lanƙwasawa sun ci awa 10, naira 100,000. Jimilla naira 160,000, da leda iri ɗaya. Kamar yadda aka gani, mafi yawan ƙarin daga lokacin aiki ya fito.

Abubuwan da ya kamata su bayyana a rubuce cikin farashi su ne:

- sunan kamfanin ledar, irinta da lambar haskenta;
- yawan gilasan da za a yi, har da ƙanana, domin kowanne aiki ne mai zaman kansa;
- kuɗin cire tsohuwar leda, wanda ake cajinsa daban;
- kuɗin kwancewa da mayar da bangon ƙofa ko gilashi;
- kuɗin sabuwar roba da yadin hanyar gilashi idan ana buƙata;
- garanti, da abin da ya ƙunsa;
- wanda zai ɗauki asara idan gilashi ya fashe.

Wannan na ƙarshe shi ne ya fi sa wasu ƙwararru ƙin aikin. Gilashin asali na ɗauke da tambarin masana'anta a kusurwa, kamar Sekurit, wani lokaci har da alamar lokacin da aka yi shi. Ga mai adana mota, sabon gilashi ba ya maye gurbin wannan. A yi maganar tun kafin reza ta taɓa mota.

Idan ka ji farashin ya yi arha fiye da kima, tambayi a nuna maka kwalin ledar. Ana sayar da mai rini da sunan siramik. Shagunan kirki na da fitilar gwaji mai zafi da za ka sa hannu a bayan leda ka ji bambanci, wasu kuma na da na'urar auna hasken da ke ratsa gilashi.

Me doka ta ce?

Tsufan mota ba ya fitar da ita daga doka. A Ingila, motar da aka fara amfani da ita kafin 1 ga Afrilu 1985 dole gilashin gabanta da na ƙofofin gaba su bar aƙalla kashi 70 na haske ya wuce. Wadda ta zo bayan nan kuma kashi 75 ne a gilashin gaba, 70 a ƙofofin gaba. Idan aka tuna da lissafin ninkawa na sama, ko leda mai lamba 70 na iya jefa mutum cikin laifi a can. A Amurka kowace jiha da nata: New York kashi 70 take nema a ƙofofin gaba, Florida 28, Texas 25.

A Najeriya akwai dokar 1991 da ta hana amfani da gilashi mai duhu sai da izinin 'yan sanda, bisa dalilin lafiya ko tsaro. A 2025 rundunar ta dawo da bayar da izinin ta shafinta na POSSAP, kuma Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya ta ƙalubalanci matakin a kotu. Kafin ka kashe kuɗi, bincika halin da dokar ke ciki a inda kake. Wannan ma wani dalili ne na zaɓar leda mai haske, wadda ake ganin na ciki sarai.

Kula da ita bayan an sa

A goge da tsumma mai laushi da ruwan sabulu. A guji maganin goge gilashi mai ammoniya, yana cin leda a hankali. Kada a manna sitika a kanta, kuma a lura da ƙarfen bel ɗin kujera, yana karce ta idan aka sake shi da ƙarfi. Leda na rage zafin da ke shiga, amma motar da ta wuni a rana za ta yi zafi duk da haka, don haka inuwa da marufin gilashin gaba na nan da amfaninsu.

Ga wanda ke da irin wannan mota kuma yana shirin aikin, tsarin da ya fi aminci shi ne ya fara gyara roba da hanyar gilashi, ya zaɓi siramik mai haske, ya nemi wanda ya taɓa yin tsofaffin motoci ya ga aikinsa da ido, sannan a rubuta farashi da sharuɗɗa kafin ya miƙa makulli.